Harafi ɗaya a zuriyar Sarauniya Biktoriya: yadda cutar rashin daskarewar jini ta bi gidajen sarautar Turai

Ranar 7 ga Afrilu, 1853, Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta haifi ɗanta na takwas, aka raɗa masa suna Leopold. Tun yana ƙarami aka lura jikinsa ba irin na 'yan'uwansa ba ne. Inda wani yaro zai faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da wasa, shi sai gwiwa ta kumbura ta ɗauki zafi, fatar wurin ta yi shuɗi ta koma baƙi, ya kwanta makonni. Likitocin fada suka tabbatar yana da hemofiliya, cutar da ke hana jini daskarewa idan ya fara zuba. Ba a taɓa jin labarinta ba a dangin uwarsa, haka ma a dangin ubansa Yarima Albert.

Daga haihuwar Leopold zuwa shekarar 1945 an tabbatar da cutar a jikin maza tara na zuriyar Biktoriya: ɗa ɗaya, jikoki biyu, tattaɓa-kunne shida. Ta shiga fadar Rasha, ta shiga ta Sifaniya, ta shiga gidajen sarauta biyu a Jamus, har Turawa suka riƙa ce mata cutar sarakuna. Ga mai nazarin gadon halitta, samun iyali irin wannan sai an tona. An rubuta ranar haihuwar kowa da ranar aurensa da sanadin ajalinsa, akwai wasiƙu da rahotannin likitoci, daga baya kuma aka tono ƙasusuwan wasunsu aka gwada. Idan aka bi zuriyar reshe bayan reshe, tsarin gadon da ke bin jinsi yana fitowa fili, kuma laifin da aka ɗora wa matan wannan gida ya rasa madafa.

Abin da ke faruwa a cikin jini

Da yawa suna zaton mai hemofiliya da zarar reza ta yanke shi sai jininsa ya ƙare. Ba nan babban haɗarin yake ba. Ƙaramin yanka a fata yakan tsaya idan aka danne, domin ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni suna aikinsu. Matakin da ke biye ne ya samu cikas. Akwai jerin sinadaran furotin a cikin jini, wannan ya tashi wancan, wancan ya tashi na gaba, har a saƙa zaren da zai ƙulle toshiyar ta yi ƙarfi. An ba sinadaran lambobi. Wanda ya rasa na 8 yana da hemofiliya A, wadda ke kama kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da aka haifa. Wanda ya rasa na 9 yana da hemofiliya B, ita kuma kusan ɗaya cikin 25,000 zuwa 30,000. Idan sinadarin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yadda ya kamata ba, cutar mai tsanani ce: jini yakan tsiyaya a ciki, cikin gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu da tsoka, wani lokaci ma ba tare da an bugu ba. Gaɓar da jini ya sha cikawa takan lalace ta ƙage. Wanda ya fi kisa shi ne wanda ya zuba a cikin kai.

An san alamun cutar tun da daɗewa. Littafin Talmud na Yahudawa ya ɗauke wa yaro kaciya idan yayyensa maza sun mutu ta zubar jini bayan an yi musu. Babban likitan Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, ya rubuta labarin wasu maza da ƙaramin rauni ke kai su kabari. A 1803 wani likita a Philadelphia ta Amurka, John Conrad Otto, ya bi diddigin wani iyali ya bayyana abin da ya gani: cutar maza take kamawa, amma ta hannun mata masu lafiya take wucewa. Dalilin hakan ne ya ɗauki sama da shekara ɗari kafin a gano.

Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kiromosom 46, wato ƙunshin umarnin gadon halitta, biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyun ƙarshe su ne ke raba jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ƙwan mace kullum X yake ɗauka. Maniyyin namiji kuwa wani X ne wani Y, kuma wanda ya riga isa shi ke yanke ko mace za a haifa ko namiji. X babba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 800 masu ba da umarnin haɗa furotin, akasarinsu ba ruwansu da jinsi. Y ƙarami ne, nasa ba su kai 100 ba. Umarnin haɗa sinadari na 8 da na 9 duk a kan X suke, Y ba shi da kwafinsu. Saboda haka mace mai X ɗaya da ya samu matsala tana da na biyu da zai rufa mata asiri. Namiji ba shi da madadi, abin da X ɗinsa guda ya zo da shi shi ke nan. A kan wannan tsari makantar launin ja da kore take, haka ƙarancin sinadarin G6PD, haka ciwon shanyewar tsoka na Duchenne.

Reshen Leopold

Leopold ya rayu fiye da yadda likitocinsa suka yi tsammani. Ya yi karatu a Oxford, ya zama Duke na Albany, kuma duk da uwarsa ta so ta killace shi a gefenta, ya dage sai da ya yi aure a 1882, ya auri Gimbiya Helena ta Waldeck. A 1884 ya tafi Cannes a kudancin Faransa don guje wa sanyin Ingila da ke tayar masa da ciwon gaɓoɓi. Ranar 27 ga Maris ya zame ya faɗi, ya bugu a gwiwa da kai. Kafin gari ya waye ya cika, yana da shekara 30.

Ya bar 'ya mace, Alice, da cikin da aka haifa bayan rasuwarsa, namiji, Charles Edward. A kan waɗannan yara biyu rabin darasin yake. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to a nan ɗa bai gaji komai ba: Charles Edward Y ya karɓa daga uba, X ɗinsa na uwarsa ne, don haka ya tashi lafiya lau kuma cutar ta yanke daga zuriyarsa. Namiji mai hemofiliya ba ya ba ɗansa namiji ita, ko ɗa nawa ya haifa. 'Yarsa mace kuwa ba ta da mafita, domin X ɗaya tak uban yake da shi kuma shi zai ba ta. Alice ta rayu shekara 97 cikin ƙoshin lafiya, sai 1981 ta rasu, amma ɗanta Rupert ya gaji cutar kakansa. Ya rasu a 1928 yana da shekara 20, bayan haɗarin mota a Faransa.

A lura da hanyar da ta bi a nan: daga uwa zuwa ɗa, daga ɗan zuwa 'yarsa, daga ita zuwa nata ɗan. Masu cewa cutar daga mata take fitowa suna tsallake matakin tsakiya. X ɗin da ya kashe Rupert daga hannun namiji uwarsa ta karɓe shi.

Sauran 'ya'yan Biktoriya maza uku, Edward da Alfred da Arthur, sun dace da ɗaya X ɗin. Edward ne ya gaji sarauta a 1901, kuma wannan ne ya sa gidan da ke mulkin Ingila yau ba shi da cutar. A cikin mata biyar, biyu ne aka tabbatar sun ɗauke ta: ta biyunsu, Alice (a nan za a ce mata Alice babba don a bambanta ta da 'yar Leopold), da auta Beatrice. Lissafi yana cewa idan uwa tana ɗauke da ita uba kuma lafiyayye ne, kowane ɗa namiji rabi da rabi ne ko ya kamu ko ya tsira, kowace 'ya mace ma rabi da rabi ce ko ta ɗauka ko a'a. Wannan rabin ba kaso ba ne da ake rabawa tsakanin 'ya'ya. Kowane ciki da nasa lissafin, bai san abin da ya faru da na baya ba. Shi ya sa Biktoriya ta samu ɗaya cikin maza huɗu, jikarta Irene kuma biyu cikin uku.

Darmstadt, sannan Rasha

Alice babba ta auri Yarima Louis na Hesse ta Jamus a 1862, ta tare a Darmstadt. Ɗanta Friedrich, wanda ake kira Frittie, ya ji rauni a kunne a farkon 1873, jini ya kwana uku yana zuba. A watan Mayu na shekarar, yana wasa a ɗakin uwarsa, ya faɗo ta taga. Bai kai yamma ba, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa. Shekararsa biyu da 'yan watanni.

Biyu daga cikin 'yan'uwansa mata sun ɗauki cutar. Irene ta auri Yarima Heinrich na gidan sarautar Jamus a 1888, ta haifi maza uku. Na farin, Waldemar, da autan, Heinrich, duk sun kamu. Autan ya faɗi ya bugu a kai ya rasu a Fabrairun 1904 yana da shekara huɗu. Waldemar shi ya fi kowa daɗewa cikin su taran. Ya kai shekara 56, ya rasu a Bavaria a watan Mayun 1945, ana cikin ruɗanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu, saboda ba a samu jinin da za a ƙara masa ba.

Auren Irene ya dace a tsaya a kansa, domin shi ake yawan kafa hujja da shi. Ita da mijinta 'ya'yan ya da ƙanwa ne, kamar yadda Biktoriya da Albert ma 'yan'uwa ne na kusa. Daga nan aka ɗauko maganar cewa auren zumunci ne ya jawo wa sarakunan Turai hemofiliya. Maganar ba ta da tushe. Albert lafiyayye ne, Heinrich ma haka, wato X ɗin kowannensu ba shi da matsala, kuma ko da yana da ita, 'ya'yansu maza Y suka karɓa daga gare su. Da Irene ta auri baƙo daga wata nahiya, lissafin 'ya'yanta bai canza ko kaɗan ba. Auren zumunci yana da tasiri a cututtukan da sai uwa da uba sun haɗu sun ba da kwafi biyu, irin su sikila, kuma tarihin gidan Habsburg na Sifaniya, wanda ya ƙare da Sarki Charles na II a 1700, ya nuna illar maimaita shi tsara bayan tsara. Hemofiliyar gidan Biktoriya ba ta cikin wannan sahu. Aure tsakanin fadoji ya baza ta a taswira, amma bai haifar da ita ba, bai kuma ƙara mata ƙarfi ba.

Ƙanwar Irene, Alix, ita ta auri Sarki Nikolas na II na Rasha a 1894, ta koma Alexandra. Dokar da Sarki Paul ya kafa a 1797 ta hana mace hawa gadon sarautar Rasha muddin akwai namiji a gidan, sai ga shi ta jera mata huɗu: Olga a 1895, Tatiana a 1897, Maria a 1899, Anastasia a 1901. Fada da gari suka sa ta a baki. Babu wanda ya san a lokacin cewa duk huɗun daga wajen Nikolas aka yanke jinsinsu. Sai a 1905 Nettie Stevens ta nuna a Amurka, ta binciken wani ƙwaro, cewa kiromosom ne ke raba mace da namiji, sai kuma 1910 Thomas Hunt Morgan ya ga ƙudan 'ya'yan itace mai fararen idanu a Jami'ar Columbia, ya bi zuriyarsa ya gano cewa siffar tana tafiya tare da X.

A watan Agustan 1904 aka haifi Alexei, magajin da ƙasa ta daɗe tana jira. Yana da kusan mako shida jini ya ɓalle daga cibiyarsa. Alexandra ba ta buƙatar likita ya fassara mata. Ta rasa ɗan'uwa, ta rasa kawu, kuma kusan watanni bakwai kafin nan aka binne ɗan yayarta. Fadar ta zaɓi ɓoyewa. Aka sa matuƙan jirgin ruwa su riƙa bin yaron duk inda ya sa ƙafa, su ɗauke shi idan ya kasa tafiya, jama'ar ƙasa kuma ba a gaya musu komai ba.

A kakar 1912 aka shiga mafi munin hali. Alexei, yana da shekara takwas, ya yi tsalle zai shiga kwalekwale ya bugu a saman cinya. Kumburin ya fara sauka, iyalin suka koma gidan farauta na Spała a ƙasar Poland. Uwar ta ga ya gaji da zaman ɗaki, ta fita da shi a keken doki. Girgizar hanya ta sake buɗe jijiyar. Jini ya taru a cinya da mara har ƙafar ta naɗe ta manne da ƙirji, zazzaɓi ya hau, yaron ya kwana da kwanaki yana ihu. Likitocin, har da babban likitan fiɗa Fedorov, ba su da abin yi: yanka wurin don fitar da jinin zai iya zama ajalinsa. Aka yi masa addu'o'in da ake yi wa mai barin duniya, aka fara fitar da sanarwar halin da yake ciki ba tare da an ambaci sunan cutar ba. A nan ne Alexandra ta sa aka aika wa Grigori Rasputin, wani mai da'awar warkarwa ta addu'a da ta amince da shi, saƙon telegiram a ƙauyensu a Siberiya. Amsarsa ta ce yaron ba zai mutu ba, kuma kada a bar likitoci su dame shi da yawa. Ba a jima ba jinin ya tsaya.

An yi ta bayani a kan wannan. Wasu masana suna ganin hana likitoci tattaɓa wurin da kwantar da hankalin uwa da ɗa su suka ba jini damar tsayawa. Wasu suna hasashen ana ba yaron asfirin, wanda ya shigo kasuwa a 1899 kuma ba a san yana tsinka jini ba sai bayan shekaru da dama, don haka janye magani ya taimaka. Akwai kuma abin da duk mai jinyar hemofiliya ya sani, cewa jinin da ya taru a rufaffen wuri yakan kai matsayin da matsinsa zai danne jijiyar da kansa. Ko wanne ne, uwar da ta ga ɗanta ya dawo daga bakin kabari ba za ta saurari mai sukar Rasputin ba. Talakawa da manyan ƙasa kuwa, tunda an ɓoye musu dalili, sai suka cike gurbin da zargi mafi muni. A ganina wanda ya ce hemofiliya ce ta rusa daular Rasha ya wuce gona da iri, domin yaƙi da yunwa da taurin kan Nikolas sun ishi kowace sarauta faɗuwa. Amma ɓoye cutar ya ci mutuncin gidan a lokacin da ya fi buƙatarsa. An kashe Rasputin a Disambar 1916, Nikolas ya sauka a 1917, kuma ranar 17 ga Yuli, 1918, aka harbe iyalin gaba ɗaya a Yekaterinburg. Alexei bai cika shekara 14 ba.

Sifaniya

Auta Beatrice ta haifi maza uku da mace ɗaya. Ɗanta Leopold na Battenberg ya rasu a 1922 lokacin da ake yi masa fiɗa a ƙugu. 'Yarta Victoria Eugenie, wadda ake kira Ena, ta auri Sarki Alfonso na XIII a 1906. Ɗansu na fari, Alfonso, da autansu, Gonzalo, sun kamu. Gonzalo ya rasu a Ostiriya a 1934 yana da shekara 19, Alfonso a Miami a 1938 yana da 31, dukansu bayan haɗarin mota da lafiyayye zai iya tashi daga cikinsa. Ɗan'uwansu Juan ya tsira, kuma ta wajensa Sarki Juan Carlos ya fito.

Sarki Alfonso ya juya wa matarsa baya, ya riƙe ta da laifin kawo cuta gidansa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ena ba ta zaɓi X ɗin da ta karɓa ba, ba ta zaɓi wanda ta bayar ba, kuma a 1906 babu gwajin da zai nuna mata ko tana ɗauke da shi. Labarin dangin kuwa ba ɓoyayye ba ne a fadojin Turai, wanda ya nemi aurenta ya san gidan da ya shiga.

Daga ina ta faro?

Tunda babu cutar a kakannin Biktoriya, wasu marubuta sun yi ta raɗe-raɗin cewa Duke na Kent ba shi ne ubanta na jini ba. Zargin yana buƙatar a samo namiji mai hemofiliya mai tsanani, wanda ya rayu har ya girma a farkon ƙarni na 19, ya kusanci matar Duke ba tare da kowa ya lura da ciwonsa ba. Ba a buƙatar wannan doguwar hanya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu hemofiliya ana haifarsu a gidajen da ba a taɓa ganin cutar ba, saboda sabon kuskure yakan auku lokacin da ake kwafar DNA, sinadarin da aka rubuta umarnin gado a cikinsa da jerin haruffa. Masanin Ingila J. B. S. Haldane ya yi amfani da hemofiliya a 1935 wajen ƙiyasta yawan aukuwar irin wannan sauyi a jikin ɗan Adam, daga baya kuma ya nuna ya fi faruwa ta wajen maza. Dalilin a bayyane yake: ƙwayoyin da ke samar da maniyyi suna ta rabuwa tun daga balaga har tsufa, kuma kowace rabuwa dama ce ta kuskure. Duke na Kent yana da shekara 51 lokacin da aka haifi Biktoriya a 1819. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne sauyin ya auku a cikin maniyyinsa guda ɗaya. Idan haka ne, cutar da aka yi ta zargin mata da ita daga jikin namiji lafiyayye ta faro.

Abin da ƙasusuwa suka nuna

A 1991 aka tono kabari kusa da Yekaterinburg aka samu gawarwaki tara, biyar na iyalin sarki, huɗu na masu yi musu hidima. Wajen tantance su an nemi jinin Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta II, domin kakarsa ta wajen uwa yayar Alexandra ce, kuma akwai wani ɗan guntun DNA da ba ya cikin waɗannan kiromosom ɗin, wanda ake gada daga uwa kaɗai. Nasa ya yi daidai da na Alexandra da 'yan mata uku. Sauran yara biyu sai a 2007 aka gano ƙonannun guntayen ƙasusuwansu a wani rami kusa da wurin.

Har zuwa lokacin kowa ya ɗauka hemofiliya A ce, tunda ita ta fi yawa. Evgeny Rogaev da abokan aikinsa suka ciro DNA daga ƙasusuwan suka duba ƙwayar gadon sinadari na 8, ba su ga komai ba. Suka koma ta sinadari na 9, mai suna F9, wadda tsawonta ya kai haruffa kusan 34,000. A can suka samu sauyin harafi ɗaya, A ya koma G. Mujallar Science ta buga sakamakon a 2009.

Yadda harafi ɗaya ya yi wannan ɓarna abin a duba ne, domin ba ya ma cikin sassan da ake karantawa a haɗa furotin. Ƙwayar gadon F9 tana da sassa takwas masu ma'ana, a tsakaninsu akwai dogayen sassa da ake yankewa a zubar kafin a haɗe masu ma'anar. Kamar tela ne da ke bin alamar alli a kan yadi: idan alamar ta gusa kaɗan, almakashi zai bi ta, ɗinkin gaba ɗaya ya karkace. Sauyin ya faɗo dab da farkon sashe na huɗu, ya ƙirƙiro alamar yanka ta ƙarya. Tunda haruffa uku-uku ake karanta umarnin, gusawar ta rikita duk abin da ya biyo baya, karatun ya ci karo da alamar tsayawa tun bai yi nisa ba. Hanta, inda ake haɗa sinadari na 9, sai ta fitar da guntun da ba ya aiki. Wannan ya dace da tsananin ciwon da aka rubuta a kan Leopold da Alexei.

Gwajin ya nuna tsarin gadon ƙarara. Alexandra tana da kwafi biyu, ɗaya mai sauyin ɗaya lafiyayye. Alexei yana da kwafi ɗaya tak, mai sauyin. Ɗaya daga cikin 'yan matan ma tana ɗauke da shi kamar uwarta. Ita hemofiliya B ɗin ba a ma raba ta da A ba sai a 1952, lokacin da masu bincike a Oxford suka bayyana ta a jikin wani yaro mai suna Stephen Christmas, shekara bakwai bayan rasuwar Waldemar.

Akwai gyara guda da ilimin baya-bayan nan ya yi wa tsohuwar magana ta cewa mata ɗauka kawai suke yi, ba sa ciwo. A 1961 Mary Lyon ta bayyana cewa tun tayi yana ƙarami kowace ƙwayar jikin mace takan kashe aikin X ɗaya ta bar ɗaya, kuma ba a tsara wanda za a kashe. Yawanci abin yakan zo kusan rabi da rabi, mai ɗauke da cutar ta samu kimanin rabin sinadarin, wanda ya isa. Amma a jikin wasu matan ƙwayoyin hanta da yawa sukan bar mai matsalar yana aiki. Irin waɗannan sukan sha fama da yawan jinin al'ada, da zubar jini bayan haihuwa ko cire haƙori, kuma wadda sinadarinta ya gaza kashi 40 cikin ɗari ana lissafa ta a yau cikin masu hemofiliya. An daɗe ana sallamar irin waɗannan mata daga asibiti da cewa cutar ta maza ce.

Bambancin A da B yana da nauyi wajen magani. A tsakiyar shekarun 1960 Judith Pool ta gano a Jami'ar Stanford cewa idan aka daskarar da ruwan jini aka narkar da shi a hankali, wani gari-gari yakan kwanta mai cike da sinadari na 8. Wannan ya sauya rayuwar masu hemofiliya A, amma da jikokin Biktoriya sun kai lokacin, da bai amfane su ba, tunda na 9 suka rasa. Sinadaran da aka riƙa tacewa daga jinin dubban mutane sun zo da nasu bala'in, domin a shekarun 1970 da 1980 sun sa wa dubban marasa lafiya ƙwayar HIV da ciwon hanta nau'in C. A 1997 aka amince da sinadari na 9 da ake haɗawa a masana'anta ba daga jinin mutum ba. A Nuwambar 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Hemgenix, ƙarin ruwa sau ɗaya da ke kai lafiyayyen kwafin F9 cikin ƙwayoyin hanta, a kan farashin dala miliyan 3.5. Mafi yawan masu hemofiliya a duniya ko sinadarin yau da kullum ba sa samu yadda ya kamata, da yawa ma ba a gano cutarsu ba.

Ko wanda ya samu wannan sabon magani, hantarsa aka gyara, maniyyinsa yana nan yadda yake. 'Ya'yansa maza za su tsira kamar Charles Edward, 'ya'yansa mata duka za su ɗauka kamar Alice. Shi ya sa idan aka gano cutar a jikin yaro, likita yakan zana bishiyar dangi ya bi ɓangaren uwa: ita kanta, 'yan'uwan yaron mata, innoninsa da 'ya'yansu, a auna musu sinadarin a kuma nemi sauyin a DNA ɗinsu, tun kafin fiɗa ko haihuwa ko kaciyar jariri ta zo.